ƊALIBIN DA YA FITO DAGA CIKIN YAƘI

Karatu: Daniyel 1:1-21, 2:17-18, 8:27

Maganarmu ta yau a kan 'ya'yanmu ne da suke karatu a jami'a da sauran manyan makarantu, musamman waɗanda suka taso a inda aka yi yaƙi ko rikici. In akwai Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe littafin Daniyel sura 1.

Yawancinmu mun san Daniyel tun a makarantar Lahadi, amma Daniyel na ramin zakoki muka sani. Ba mu cika tunawa ba cewa ya taɓa zama ɗalibi. A shekara ta uku ta mulkin Yehoyakim, wajen shekara 605 kafin haihuwar Kristi, Nebukadnezzar sarkin Babila ya zo ya kewaye Urushalima da yaƙi. Ya kwashe waɗansu kayan Haikali, ya kuma umarci Ashfenaz, babban jami'in fadarsa, ya zaɓo samari masu lafiya da kaifin basira daga manyan gidajen Yahuza. Za a koya musu harshen Kaldiyawa da littattafansu har shekara uku, ana ciyar da su daga abincin sarki, a ƙarshe sarki da kansa ya gwada su. To, ashe wannan ba jami'a ba ce? Akwai tantancewa kafin shiga, akwai shekarun karatu, akwai wurin kwana da abinci, akwai jarrabawar fita, ga kuma aikin gwamnati yana jira.

Sai dai waɗannan samari ba takardar shiga makaranta ce ta kai su ba. Sojojin da suka kewaye garinsu ne suka tasa su a gaba. Tafiyar ba kusa ba ce. Ezra 7:9 ya nuna mana hanyar nan ta ci Ezra da mutanensa wata huɗu. Da suka isa, aka canja musu suna. Daniyel ya zama Belteshazzar, Hananiya ya zama Shadrak, Mishayel ya zama Meshak, Azariya ya zama Abednego. Mu da muke yin Berom, ko Ngas, ko Tarok, ko Jju, ko Bura, ko Margi, ko Kamwe, ko Tangale a gida, mun san yadda mutum yake ji idan ya sami kansa inda ba mai jin harshen mamarsa. Ana iya yin ciniki da Hausa, a rubuta jarrabawa da Turanci, amma idan zuciya ta yi nauyi, harshen gida take nema.

Yanzu mu dawo ƙasarmu. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2012, an kai hari a wuraren sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ta Kano, aka kashe aƙalla mutum 15, har da furofesoshi biyu. A farkon Oktoba na shekarar, 'yan bindiga suka bi ɗakunan ɗalibai a Mubi da dare suka kashe fiye da 20. A watan Satumba 2013, a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a jihar Yobe, an kashe ɗalibai fiye da 40 suna cikin barci. A ƙarshen Oktoba 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, ɗalibai suka bazama cikin daji da ƙafa, hedkwatar EYN da ke Kwarhi ma sai da ta yi ƙaura zuwa Jos na ɗan lokaci. A Janairu 2017 bam ya tashi a masallacin Jami'ar Maiduguri ya kashe wani furofesa, domin wannan wuta ba ta tambayar inda mutum yake sujada. A 2021 an sace ɗaliban Jami'ar Greenfield a Kaduna aka kashe biyar, a watan Agusta kuma aka rufe Jami'ar Jos saboda rikici, jihohi suka aiko da motoci suka kwashe 'ya'yansu.

Waɗannan su ne aka ji a labarai. Amma akwai waɗanda ba a ƙirga ba, su ne kuwa suka fi yawa. Yaron da yake da shekara 8 a 2014, lokacin da aka gudu daga Gwoza da Madagali da Michika, wanda ya kwana a kan dutse, ko ya yi shekaru a sansanin Minawao a Kamaru, yanzu ya kai shekarun jami'a. Yarinyar da ta ji kukan maƙwabta a daren jajiberin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi, wataƙila yanzu tana zaune a ɗakin lacca da biro a hannu. Mun gode wa Allah da suka tsira. Mun sayar da akuya da buhun masara mun biya kuɗin makaranta. A ganinmu magana ta ƙare. A jikin yaron kuwa ba ta ƙare ba.

Bari in bayyana abin da likitoci suka gano, da Hausa mai sauƙi. Allah ya sa wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwar mutum wanda aikinsa kamar na maigadi ne. Idan haɗari ya zo, shi ne yake buga ƙararrawa. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya tafi ƙafafu domin gudu. Wannan kyautar Allah ce, ita ce ta fitar da yaranmu daga gari da rai. Amma idan abin da mutum ya gani ya yi muni ƙwarai, ko ya daɗe yana zaune cikin tsoro, sai maigadin nan ya ƙi komawa ya zauna. Haɗarin ya wuce, amma shi yana nan a tsaye da ƙararrawa a hannu. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Tayar mota ta fashe a bakin makaranta, ko yara su fasa abin wasan wuta lokacin Kirsimeti, ko ƙarar babura da yawa da dare, ko warin hayaƙi kawai, sai ɗalibi ya ji kamar ranar nan ce ta dawo. Ba tunawa yake yi ba kamar yadda ni da kai muke tuna bara. Jikinsa ne yake sake shiga cikin abin.

Ka duba abin da wannan yake yi wa karatu. Karatu yana bukatar hankali ya zauna wuri ɗaya, amma hankalin yaron yana bakin ƙofa yana gadi. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, shi kuwa mugun mafarki yana tashe shi ƙarfe biyun dare. Zai karanta shafi ɗaya sau biyar, ya rufe littafi, ba abin da ya zauna. Wani ba zai iya zama a tsakiyar babban ɗakin lacca ba sai kusa da ƙofa. Wata za ta daina zuwa sujada, ba don ta bar Yesu ba, sai don a cikin majami'a ne abin ya same su. Wani zai zama mai saurin fushi, wani kuma ya yi sanyi, ba dariya ba kuka. Akwai mai ciwon kai da ciwon ciki kullum, a gwada jininsa ba zazzaɓin cizon sauro ba taifod. Akwai kuma wata tambaya mai cin rai a ɓoye: me ya sa ni na rayu, ƙanena bai rayu ba? Sai sakamakon jarrabawa ya fito ba kyau, kunya ta hau kan tsoro. Yaya zai gaya wa baban da ya sayar da shanun noma cewa ya faɗi kwas uku? A nan ne waɗansu suke fara neman barci a wurin burkutu, ko tiramadol, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi tun 2018 amma bai ɓace daga hannun matasa ba.

A shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a wuraren da aka yi yaƙi, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wani ciwo da ya shafi tunani, kamar baƙin ciki mai tsanani, ko fargaba, ko wannan firgici da na bayyana. Ka ƙirga matasan da suke ƙungiyar mawaƙa a ikkilisiyarku, ka raba su biyar biyar, za ka gane abin ba na gidan wani ba ne. Amma lissafin yana da wata fuska. Yawancin mutane, ko da sun sha wuya a makonnin farko, a hankali suna komawa daidai. Allah ya yi ɗan Adam da ƙarfin farfaɗowa. Wannan shi ake kira juriya, a nan ne kuma nake so mu yi hankali, gama mun saba ba juriya ma'anar da ba tata ba.

A wurinmu mai juriya shi ne wanda bai yi kuka ba, bai faɗa wa kowa ba, ya ci jarrabawa. Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne akwai abin da ya kamata a riƙe a ciki, amma ƙaya ba ta cikinsu. Ku dubi Daniyel. A ƙarshen shekara uku shi da abokansa suka ninka masanan Babila sau goma. In da yau ne, da mun ce ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya, mu yi masa godiya a coci da rawa. Amma ku ci gaba da karatu. A ƙarshen sura 7 tunaninsa ya dame shi har fuskarsa ta canja, ya kuwa riƙe abin a zuciyarsa. A ƙarshen sura 8 ya kwanta ciwo kwanaki. A sura 10 ya yi makoki mako uku, ƙarfinsa ya ƙare har sai da aka taɓa shi aka tashe shi. Wahayi ne ya jawo wannan, haka nassi ya ce, amma wane irin wahayi? Na yaƙe-yaƙe, da sarakuna masu tattake mutanen Allah da Wuri Mai Tsarki. A ganina, mutumin da ya taɓa ganin sojoji a bakin garinsu, wanda yana baƙuwar ƙasa labari ya zo cewa an ƙone Urushalima da Haikali, ba zai kalli irin wannan wahayi da sanyin jiki ba. Mutumin da zakoki ba su taɓa ba, shi ne ya kwanta ciwo saboda damuwa. Allah kuwa bai tsauta masa ba. A sura 10 ɗin nan ma aka kira shi ƙaunatacce. Aya ta 27 ta sura 8 ta ce bayan kwanakin ciwon ya tashi ya koma aikin sarki, ko da yake abin bai gama warware masa ba.

To, me ya riƙe shi? Abu mafi girma da nake gani, bayan alherin Allah, shi ne ba shi kaɗai ba ne. Su huɗu ne. A sura 2, da sarki ya ba da umarni a kashe dukan masu hikima, har da su, Daniyel bai shiga ɗaki ya kulle ƙofa ba. Ya koma gida ya gaya wa Hananiya da Mishayel da Azariya, suka roƙi jinƙan Allah tare. Ku lura, a wannan wuri nassi ya kira su da sunayensu na gida, ba na Babila ba. Masu binciken lafiyar tunani sun daɗe da gano cewa cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai farfaɗo bayan masifa, akwai samun mutanen da suke tsaye tare da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ku shugabannin FCS da NIFES da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙabilu, aikinku ya wuce shirya taron dare da bikin al'ada. Idan ɗan'uwa ya yi mako biyu bai zo ba, kada ku rubuta sunansa cikin masu ja da baya. Ku je ɗakinsa da abinci.

Daniyel yana kuma da tsarin da ba ya canjawa: addu'a sau uku a rana, tagarsa a buɗe wajen Urushalima. Bai yi kamar ba shi da gari ba, bai kuma ce a manta da abin da ya wuce ba. Ga wanda yaƙi ya birkita wa rayuwa, lokacin tashi, da lokacin ci, da lokacin addu'a, da lokacin kwanciya da ba sa canjawa, magani ne. Har maganar ganye da ruwa da ya roƙa a maimakon abincin sarki, ban da tsarkin da yake nema, ta ba shi wani abu guda da shi ne ya zaɓa, a ƙasar da aka zaɓa masa kome har sunansa. Wani abu kuma da ba a cika wa'azi a kansa ba: mutumin da Allah ya sa ya ji tausayin Daniyel a sura 1 aya 9, ba Bayahude ba ne. Ma'aikacin Babila ne. Allah yana da ikon aiko da taimako ta hannun likita ko malamin da ba ɗan ikkilisiyarku ba, ko ma ba Kirista ba.

Baba da mama, yanzu da ku nake. Idan yaro ya dawo hutu kuka ga ya canja, labarin zuciya a tambayi fuska. Kada kalmar farko ta zama, “Ina sakamako?” Kada ku ce masa, “Kai ba namiji ba ne? Mu ma ai mun gani.” Gaskiya kun gani, wataƙila ku ma ba ku barci, amma ciwonku bai warkar da nasa ba. Ku ba shi abinci, ku bar shi ya huta. Lokacin da annabi Iliya ya gudu daga Yezebel, ya zauna a ƙarƙashin itace yana roƙon mutuwa, mala'ikan Ubangiji bai fara da wa'azi ba. Gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi. Sai daga baya Allah ya tambaye shi damuwarsa, ya saurare shi har sau biyu yana maimaita kuka ɗaya, sa'an nan ya ba shi Elisha abokin tafiya. Ku karanta 1 Sarakuna 19. Ku tafi gona tare da yaron, ko ki zauna da 'yarki kuna ɓarar gyaɗa, ku yi magana da harshen gida. In ya fara faɗa, ku saurara kawai. In bai shirya ba, kada ku matsa. Abokan Ayuba sun yi kyau kwana bakwai da suka zauna shiru. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata.

Mu ma'aikatan ikkilisiya, fastoci da masu bishara da dattawa, akwai abubuwa biyu da nake roƙo mu bari. Kada mu tsayar da yaron da ya tsira a gaban jama'a ya ba da shaida tun bai shirya ba. Jama'a za su ce Halleluya su tafi gida, shi kuwa ya kwana uku bai rintsa ba. Kada kuma mu ce kowace firgita aljani ne ko rashin bangaskiya. Na gaskata akwai ikokin duhu, na kuma gaskata da ikon addu'a. Amma wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a, mu kuma kai shi a ɗaure ƙafar. Azumin kwana bakwai ga yarinyar da ba ta ci ba ta barci, ƙara mata ciwo ne. Ɗaure mutum da sarƙa a gidan addu'a kuwa zalunci ne, ko da sunan wa aka yi shi. Maganar gafara ma, kada mu yi ta da gaggawa. Zabura 137 ta fito daga bakin waɗanda aka kai Babila, ƙarshenta kuwa cike yake da fushi mai zafi, duk da haka Allah ya bar ta cikin Littafinsa. Saurayin da aka ba shi wuri ya zuba fushinsa a gaban Allah, ya fi wuya ya zuba shi a kan maƙwabci. Gafara za ta zo, umarnin Ubangiji ce, amma ba a girbe dawa ranar da aka shuka ta.

Yaushe za a nemi likita? Idan an wuce wata guda abin bai ragu ba, mafarkai da firgita suna hana karatu da zama da mutane. Idan ya koma ga ƙwaya ko giya. Idan yana jin muryoyi ko yana magana ba kan gado. Fiye da duka, idan ya ce gara ya mutu, ko ya fara rarraba kayansa yana ban kwana. Wannan ba a jira gobe. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da maganin ciyawa daga inda zai kai hannu, a kai shi asibiti a ranar. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Maiduguri da Barnawa ta Kaduna, akwai sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, asibitin makaranta ma yana iya tura ɗalibi inda ya dace. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Da yawa magana ce kawai ake yi da ƙwararre mako mako, waɗansu a haɗa musu da magani, su koma aji. A Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci kamar kowane majinyaci. Ikkilisiyoyi kamar EYN, da Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, sun horar da mutane a kan warkar da raunin zuciya. Ku tambayi fastonku ko akwai wanda aka horar a gundumarku.

Kai kuma ɗana, ke 'yata, da kuke ji na a ɗakin kwanan ɗalibai: ba ka lalace ba, ba ki zama wawuya ba. Ƙwaƙwalwar da ta ci jarrabawar shiga jami'a tana nan, gadi ne ya yi mata yawa. Ka nemi mutum ɗaya a wannan mako, aboki ko faston makaranta ko malamin da aka ba shi kula da ajinku, ka faɗa masa ko da kaɗan ne. Ka rage kallon hotunan gawa da ake turowa a waya, musamman da dare. In ya zama dole ka maimaita kwas, ko ka nemi izinin ɗage karatu na shekara guda, ka bi ta ofis ka yi shi a rubuce, kada ka ɓace kawai. Waɗansu daga cikin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilu 2014 sun koma aji a jami'a a Yola bayan sun kuɓuta. Sun yi shekarun share fage kafin su shiga, an kuma haɗa musu da masu ba da shawara.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka kasance tare da samari huɗu a makarantar Babila, ka dubi 'ya'yanmu a Maiduguri da Mubi da Yola, a Jos da Bokkos, a Kaduna da Zariya da Kano. Wanda zai kwanta yau da tsoro, ka ba shi barci. Wadda take ɓoye sakamakonta saboda kunya, ka ba ta bakin magana, ka ba iyayenta kunnen ji. Ka ta'azantar da gidajen da ɗalibinsu bai dawo ba. Cikin sunan Yesu Kristi, Amin.

Kafin mako mai zuwa, ku karanta Daniyel sura 1 da 2 a sujadar iyali, a bar ɗaya daga cikin yara ya fassara da harshen gida domin kaka ma ta ji. Allah ya kai mu.